Addu'ar da Aka Yi Mini a Lasifika

Na daɗe ina neman tallafin zuwa taron masu bincike kafin in samu. Har na kai matsayin da in saƙo ya fara da ba ni haƙuri ba na ƙarasa karantawa, sai in mayar da waya aljihu in ci gaba da abin da ke gabana. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a asibitin garinmu, Birnin Gwari, kodayake a nan duk wanda ya sa farar riga Likita ne, ni kuma na gaji da gyara wa mutane. Ban da gwajin jini da fitsari da ake biya na albashi dominsa, akwai wani ɗan bincike da na ɗora wa kaina ba wanda ya aike ni, a kan saran maciji.

Da damina da kaka ake kawo mana waɗanda maciji ya sara a kan babur, manoma daga wajen Kuyello da Kazage da Kusasu, an ɗaure ƙafa da tsumma har ta kumbura ta yi baƙi. Nakan ɗebi jini in zuba a kwalba in ajiye. In ya ƙi daskarewa, to kububuwa ce, sai a nemi allura. Abin da na riƙa gani shi ne yawancinsu sun makara, don ba a bin hanyar daji sai an ji babu motsi. Makiyaya kuwa ba ma sa zuwa, suna tsoron a gan su cikin gari a ce 'yan daji ne, sai dai daga baya mu ji labarin an binne wane a ruga. Wannan na tattara na rubuta. Ba wani babban ilimi ba ne, amma ban ga wanda ya taɓa faɗa ba, kuma ina so in faɗa a gaban mutanen da maganarsu ke kai magani inda babu shi.

Irin wannan tallafi na masu tasowa ne, waɗanda ba su daɗe da gama karatu ba. In ka wuce wasu shekaru sai a ce ka girma, ko da kuwa ba ka taɓa wuce Kaduna ba. Shekarar da nake ba da labarinta ita ce ta ƙarshe a gare ni. Na cike takardun neman a tsaye a bayan tankin ruwan asibiti, don nan ne kawai sabis ke leƙowa, kuma ban sa rai ba. Sai ga shi sun ɗauke ni. Taro a Nairobi, za su sayi tikitin jirgi daga Abuja, su biya masauki da kuɗin shiga taro. Ko sisi ba za a damƙa mini a hannu ba. Yadda zan fita daga Birnin Gwari in kai Abuja kuwa ba su tambaya ba, ni ma ban ga inda zan rubuta musu ba.

A shekarun nan mun koyi wata tarbiyya da iyayenmu ba su koya mana ba. Ba a faɗin ranar tafiya, ba a faɗin an sayar da hatsi, ba a sa sabuwar shadda a ratsa kasuwa. Akwai infoma a cikin gari, masu kai wa mutanen daji labarin wa ya samu, wa zai hau mota, kuma ba wanda ya san fuskarsu. Saboda haka mutum uku na faɗa wa: matata, da Yayana wanda yake noma, da mahaifinmu.

Baba tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, ya yi yawon Funtua da Zariya a saman lodi tun kafin a haife ni. Yanzu ƙafa ta hana shi, sai dakalin ƙofar gida da masallaci. Mutum ne mai son hira, in ya ji labari da safe bai faɗa wa kowa ba to ranar ba zai ci tuwon kirki ba. Na durƙusa na gaya masa, ya yi ta sa mini albarka har idonsa ya kawo ruwa. Na ce, "Baba, don Allah maganar nan ta tsaya a cikin gida."

Ya ce, "Haba Likita, ai ni ba yaro ba ne. Wa zan faɗa wa?"

Kuma har ga Allah bai faɗa wa abokan hirarsa ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, a wurin Baba neman addu'a ba ba da labari ba ne. A zamaninsu ba mai tsallaka ƙasa bai nemi addu'ar jama'a ba, ko Hajji ne ko fatauci, kuma uban da ya bar ɗansa ya tafi haka kamar ya sallama shi ne.

Ranar Juma'a ina sahu na tsakiya, an sallame, ana sanarwar da aka saba: ɗaurin aure, cigiyar akuya, mara lafiya da ke neman taimako. Ina lalubar takalmina da ido sai na ji ladan ya kira sunan Baba, ya kira nawa. Ya ce ana neman addu'ar al'ummar Musulmi ga Likita na asibiti, wanda Turawa suka zaɓa suka ba kyauta, zai tafi ƙasar waje ranar Talata in Allah ya kai mu. Lasifikar masallacin nan ana jin ta har tasha. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo mai daɗi, masallaci ya ɗauki amin gaba ɗaya. Na hango Baba a sahun gaba yana shafa fuska, yana waige-waige don a san shi ne uban.

Kafin in kai gida hannuna ya gaji da musabaha. Kafin la'asar Nairobi ta zama Ingila. Washegari a asibiti wata mai shara ta taya ni murnar dalolin da aka turo mini, ta ce kada in manta da ita a tsaraba. Na yi ta bayani cewa tikiti ne kawai da wurin kwana, ana dariya ana cewa Likita ya fara rowa tun bai tafi ba. Magana zarar bunu ce.

Ranar Lahadi da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira ni. Murya ce ta namiji, a natse. Ya ce, "Likita, mun ji abin arziki. Allah ya sanya alheri. Talata ce tafiyar ko?" Na ce wa ke magana, ya kashe. Na kira, a rufe. Har yau ban sani ba ko wani ne da na taɓa yi wa gwaji katinsa ya ƙare, ko kuwa waɗanda nake tsoro ne. Abin da ya fi gajiyar da ni a zaman garin nan ke nan, ko fatan alheri aka yi maka sai ka kwana kana juya shi.

Muka haɗu a ɗakin Baba, ni da Yaya. Raina a ɓace yake, na ce, "Baba, ba na roƙe ka ba?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. Ya ce, "Ni addu'a na nema maka. Ka ji na zauna da wani na ba shi labari? Allah na kai wa maganar, a ɗakinsa."

Yaya ya ce, "Baba, Allah ya ji, amma 'yan tasha ma sun ji."

Baba ya sunkuyar da kai yana murza carbi. A lokacin ne ya gane, kuma ganin fuskarsa ya fi kiran wayar nan yi mini ciwo.

Yaya ba ya zagaye-zagaye. Ya ce hanya biyu ce. Ko in haƙura da tafiyar, ko a kashe labarin. Matata dama tun a gida ta nuna ta fi son ta farko, ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, taro ba ya ƙarewa. Na ce mata nawa ya ƙare, in na bar wannan ba za a sake ɗauka ta a mai tasowa ba, kuma ba ni da abin da zan kai kaina. Sai Yaya ya tsara yadda za a yi. Shi zai je wurin mai shayi da tasha ya saki magana cewa an hana ni biza, tafiya ta rushe. Ranar Talata in je aiki kowa ya gan ni. In ƙura ta lafa in fita kamar mai zuwa kwas Kaduna, abin da nakan yi lokaci-lokaci, tunda dama Talata ranar barin gari ce kawai, jirgin sai ƙarshen mako.

Baba ya ce, "Ni dai ƙarya ba zan yi ba, da furfurata."

Yaya ya ce, "Ba wanda ya ce ka yi, Baba. Shiru kawai za ka yi."

Mugun labari ya fi mai daɗi gudu. Ranar Talata ina kan kujerata a ɗakin gwaji ana shigowa yi mini jaje, wasu da tausayi, wasu da ɗan murmushin da ba su iya ɓoyewa ba. A ƙofar gida kuma abokan Baba suka yi ta zuwa suna ba shi haƙuri, suna cewa haka Turawa suke, su nuna maka su hana ka. Yana zaune yana cewa, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Bai ƙara ko kalma a kai ba.

Na fita ranar Alhamis da safe a gidan gaban wata motar masara, da tsohuwar riga da silifa, fasfo da kwamfutata a cikin buhu. Muka jira rakiyar sojoji a bakin gari har rana ta yi zafi, sannan aka jera motoci aka kama hanya. Muka shiga daji. Direba na jan carbi da hannu ɗaya, ni ina kallon ƙonannun motoci da garuruwan da ciyawa ta cinye, ina tunanin wanda ya kira ni. Sai da muka kai Buruku na ji ina jin yunwa.

Taron kansa ba ni da abin faɗa mai yawa. Ɗaki mai sanyi, mutane masu kirki, an ba ni ɗan lokaci na faɗi abin da na zo da shi. Wata likita daga wata ƙasa ta biyo ni waje ta yi mini tambayoyi a kan makiyayan da ba sa zuwa asibiti, ta rubuta amsoshina, kuma har yanzu muna aiki tare daga nesa. Wannan kaɗai ya biya ni. Da masu ba da tallafin suka tara mu ɗaukar hoto don su sa a shafinsu na intanet, na roƙe su su cire ni. Matashiyar da ke kula da mu ta yi zaton kunya ce. Na fara yi mata bayani, na ga zai yi tsawo, na ce mata eh, kunya ce.

Na dawo kamar yadda na tafi, da buhuna. Ban sayi tsaraba ba ko ta yarana, jakar da aka ba mu a taro na bar ta Kaduna wurin wani aboki. Da na je gaishe da Baba sai ya ce in turo ƙofa. Ya tambaye ni komai: yadda jirgi ke tashi, ko ana salla a ciki, me suke ci a can, mutum nawa suka saurare ni, ko sun tafa. Ya sa na maimaita masa wurin da likitar nan ta biyo ni waje. Yana ji yana dariya ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Ikon Allah. Ɗana." Daga nan ya ɗauki sandarsa ya fita dakali, ya zauna cikin mutanen da ya yi rayuwarsa yana ba su labari, bai ce musu komai a kan tafiyata ba.

Ya riƙe sirrin, ya fi yadda na zata. Damina ta wuce, wata ta zo. Akwai wani amininsa tun na ƙuruciya, maƙwabcinmu, wanda kullum hirarsa ɗansa da ke aiki a Legas. Ina jin a nan ne haƙurin Baba ya ƙare.

Wata ranar kasuwa ina dawowa daga asibiti wannan dattijo ya tare ni a bakin layi, kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Akwai fuskoki biyu ko uku da ban sani ba a kan babura, suna jin mu. Ya kama hannuna, ya rage murya kaɗan irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi, wato dai kowa na ji.

Ya ce, "Likita, ku riƙa lura da mahaifinku. Jiya ya rantse mini wai ka je ƙasar wajen nan, ka hau jirgi, Turawa sun tafa maka. Na ce masa Alhaji ai an hana yaron biza, duk gari an sani. Ya kafe. Abin nan ya tsaya masa a rai, ina jin tsufa ya fara taɓa shi. Ko akwai maganin da za ka ba shi?"

Na dubi dattijon, na dubi masu baburan. Ɗaya daga cikinsu ya daina danna wayarsa.

Na ce wa dattijon, "To, mun gode. Za mu duba shi."