Mun Ɗora wa Zuwa-zuwa Laifi

Motar ta zo mana ta Kwatano, tsohuwar Turai, ruwan toka. Ranar da mijina zai saye ta, dillali ya tada ta, ya ɗora kofin shayi cike fal a kan murfin injin. Haka ake gwada mota a wurinmu a Garuwa: in shayin bai zube ba, injin lafiyayye ne. Ko motsi shayin bai yi ba. Maza suka yi ta jinjina kai, ni ma na ji daɗi, don na gaji da hawa bayan mashin da yara biyu zuwa makarantar da nake koyarwa.

Ta fara nuna halinta ne a hanyar Ngong, inda surukata take. Muna tsakiyar gudu sai injin ya ɗauke ɗif, ba tari, ba gargaɗa, kamar an ɗauke wutar lantarki. Sitiyari ya sandare, birki ya yi tauri. Da ƙyar mijina ya gangara da ita gefen titi. Muka ɗan jira, ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

"Zuwa-zuwa ne," in ji shi.

Zuwa-zuwa shi ne man da ake shigo da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe bakin titi. Kowa shi yake sha, kowa kuma shi yake zagi. Mota ta yi atishawa, zuwa-zuwa. Taya ya fashe, sai ka ji wani ya ce ai man ne. Don haka ban musa masa ba. Muka sauya mai sayar mana, aka wanke tanki, aka sa sabuwar matatar mai, har muka koma shan man gidan mai duk da tsadarsa. Ta sake mutuwa. Mijina ya ce ragowar dattin da ne bai gama fita ba.

Sai ranar gadar Binuwai. Lokacin kwasar auduga ne, manyan motoci a jere. Mijina na tuƙi, ina gaba, ƙaramar 'yata tana baya tana waƙar makaranta. Muna tsakiyar gada injin ya yi shiru. Na waiga, ban ga komai ba sai hancin babbar mota ya cika gilashin baya, ƙarar birkinta kuma har yau tana kunnena. Ta tsaya dab da kan 'yata. 'Yan mashin ne suka tura mu muka sauka. Da muka shiga gida na faɗi abin da maƙwabta suka ji.

Ƙanwata da ke aure a Turai ce ta warware mana. Ina ba ta labari a waya sai ta ce, "Yaya, ba irin wadda na gani a hotonku na Sallah ba? Ai irinta muke da ita. Masu ƙera ta sun kira duk masu irinta aka sauya musu famfon mai kyauta. In ya yi zafi tsayawa yake, injin ya mutu ana cikin tafiya. Ku ba a kira ku ba?"

Wa zai kira mu? Wanda za a kira wani Bature ne da ya daɗe da rabuwa da ita. Motar ta tsallako teku da ciwonta, labarin ciwon ya zauna can.

Muka je wurin wakilin masu ƙera motar. Mutum mai ladabi, ya ba mu kujera, ya yi mana Faransanci mai daɗi. Ya ce motar ba ta hannunsu ta shigo ƙasar ba, sabon famfon kuma sai an nemo daga Duwala, in ma akwai. Mu jira. Da jira ya yi tsawo, bakanikenmu ya ciro famfo daga wata matacciyar mota irin tamu ya sa mana. 'Yar'uwarta ce, ciwonsu ɗaya, ba a jima ba ta sake ɗaukewa. Na rantse ni da 'ya'yana mun bar shigarta.

Mijina ya ce to sai a sayar.

"Malam, a sayar wa wa? Wanda ba shi da 'ya'ya?"

"To in jiƙa ta in sha? Ni ma haka aka sayar min."

Mijina ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko'ina. Ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Da dillalin ya zo, a gabana ya zayyana masa komai, ya ce lallai a gaya wa mai saye. Dillalin ya yi dariya, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wace mota ce ba ta mutuwa? Ki kwantar da hankalinki. Mai saye zai gwada da kansa." Na san gwajin da yake nufi. Motar nan a tsaye ba ta da laifi, ko kofi goma aka jera mata ba za ta zubar ba. Ya tafi da ita, ba mu san wanda ya saya ba, ni kuma na kasa samun sukuni.

Bayan damina na je Ngong a bas, ranar kasuwa. Ina sauka na gan ta a tasha. Hoton malam-buɗe-littafin da 'yata ta manna a gilashin baya yana nan. An mai da ita motar haya. An danna buhunan gyaɗa a but har ya ƙi rufuwa, mata sun cika baya da jarirai a cinya, biyu kuma sun matsu a kujerar da nake zama. Inda carbinmu yake rataye a madubi, yanzu ƙaramin gicciye ne.

Direban magidanci ne mai furfura a gemu. Muka gaisa da Fulatanci, sannan na koma Hausa, don ita muka fi haɗuwa a kai. Na gaya masa motar tamu ce a da. Na gaya masa maganar famfo, da Turai, da gada. Na ce don Allah kada ya hau babban titi da mutanen nan.

Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Na gode, Madam, Allah ya saka. Tana yi min haka, gaskiya. Amma man ne. Kin san zuwa-zuwan yanzu, rabi ruwa. Na sauya mai sayar min."

"Ba man ba ne! Mun sha na gidan mai, ta mutu!"

Na riƙe ƙofar da hannu biyu. Mutane suka fara taruwa. Wata daga cikin matan baya ta gyara wa jaririnta hula, ta ce min, "Mama, saki ƙofa mana, rana tana yi."

Na saki. Ya murɗa makulli, injin ya tashi lafiya lau, da taushin muryar nan da ya yaudare mu. Ya hau titin Garuwa, wata babbar mota ta bi bayansa. Na tsaya ina kallon malam-buɗe-littafin 'yata har na daina ganinsa, na kuma san sai sun hau gadar kafin su shiga gari.