Makon da Na Kusa Ɗauko wa Garinmu Ɗan Wasa

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, na kusa yin abin da shugabannin ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu suka daɗe suna nema ba su samu ba. Na kusa ɗauko musu babban ɗan wasa, ni kaɗai, daga kicin zuwa ɗakin baya.

Ɗan wasan kuwa yayana ne, ɗan farin gidanmu. Ni ce auta. Tsakanina da shi akwai shekara goma sha uku, sai kuma tsawo, wanda har yau ban gama aunawa ba. In zai yi miƙa a falo sai an kashe fanka. Shekara uku ya yi yana buga wa wata ƙungiya a Legas, kwantiraginsa ya ƙare, ya dawo gida Nassarawa GRA ya huta kafin ya san inda zai nufa. Ƙungiyoyi biyu ne suka dage a kansa: tamu ta Kano, da wata a arewacin Afirka. Kowacce ta ba shi zuwa ranar Juma'a.

Duk mai bin ƙwallon kwando a garin nan ya san ciwon. Kowace shekara a ce wane zai zo, a yi ta musu a rediyo, a raba teburin mai shayi gida biyu, daga ƙarshe mu ga hoton mutumin sanye da rigar wasu. A wannan karon aka ce muna da dama, tunda ɗan gida ne. Ranar Litinin kocin ƙungiyar garinmu da kansa ya zo gidanmu da kwandon lemo, ya zauna da Abba kusan awa biyu. Abba ya saurare shi tsaf, sannan ya ce shi ba shi zai yi tsallen ba, yaron ya zaɓa da kansa, amma ya fara jin ta bakin mahaifiyarsa.

To a nan matsalar take. Umma irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Sunansa a wurinta “wancan”. In ya shigo kicin, sai ta tuna ta bar wani abu a ɗaki. Da safe zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon labule. Duk maganar da ta wuce gaisuwa, ta hannuna take bi.

Ni kuma, gaskiya, saƙo ba ya isa yadda aka ba ni shi. In Umma ta ce in gaya wa wancan abincinsa na hucewa, abin da zai ji shi ne in bai fito yanzu ba an zuba wa kaji. Kowa ya san halina, dariya ake yi. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba, gani nake taimaka wa magana nake yi ta miƙe tsaye.

Ranar Talata da yamma Yaya ya kira ni ɗakinsa. Ya ce in je in tambayo masa Umma, me ta gani game da maganar nan. Na same ta tana yanka alayyahu. Ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Ki ce masa Allah ya zaɓa masa mafi alheri.”

Na tsaya jiran sauran. Babu saura.

Daga kicin zuwa ɗakin Yaya taku goma sha biyar ne a ƙafata ta lokacin. A cikin takun nan na ga kaina a kujerar gaba a filin wasa, na ga 'yan ajinmu suna roƙona tikiti, na ga Yaya yana kai ni makaranta kullum maimakon wayar da yake yi mini sau ɗaya a mako. Kafin in kai ƙofa saƙon ya yi ƙiba.

“Ta ce ka zauna a gida,” na ce. “Ta ce ta gaji da tafiye-tafiyen nan. Har da hawaye.”

Na zaci zai jefe ni da filo, ya ce ƙarya nake kamar kullum. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya a hankali ko da bakinta ta faɗa. Nan ne ya kamata in yi dariya in janye. Sai na gyaɗa kai.

Washegari ya kira koci ya ce zai sa hannu ranar Juma'a bayan la'asar. Ya kira wakilinsa, mutumin da ke yi masa cinikin ƙungiyoyi, ya ce a ba wa na waje haƙuri. Ni kuma na gaya wa ƙawata, na ce kada ta gaya wa kowa, wato dai na gaya wa makarantar gaba ɗaya. Kafin a tashi, wani ɗan babban aji da bai taɓa sanin ina raye ba ya sayo mini fanke. Da yamma maganar ta kai rediyo. Samari daga Giginyu da Hotoro suka riƙa zuwa ƙofar gidanmu don su gan shi kawai. A gidanmu kuwa Umma ba ta sauraron shirin wasanni, Abba kuma ya ɗauka uwa da ɗa sun gama magana.

Abin da ya fara ɓata mini daɗin shi ne Yaya ya daina cin abinci. Mutumin da ke share kwano biyu ya tambayi ko akwai ƙanzo, sai ga tuwonsa yana dawowa da rabi. Ranar Alhamis kafin magariba na same shi a ƙarƙashin mangwaron bayan gida, yana buga ƙwallo a ƙasa a hankali, kamar ba ya so ta ji ciwo. Na zauna kusa da shi, na ce ai ya kamata ya yi murna, garin duk sunansa ake kira.

Ya ce yana murna. Sannan ya ce ƙungiyar wajen tana buga gasar nahiya, wadda tun yana yaro kamar ni yake mafarkin shiga, kuma a shekarunsa irin wannan kiran ba ya zuwa sau biyu. Gwiwa ba ta jira. Ya riƙe ƙwallon ya ce, “Amma Auta, tun da aka haife ni Umma ba ta taɓa neman komai a wurina ba. Wannan ne na farko. Ina zan kai shi?”

Na buɗe baki, aka kira salla, ya tashi ya tafi masallaci. Na ce a raina gobe da safe. Da safe na ce in na dawo daga makaranta.

Na dawo wajen ƙarfe goma sha biyu, maza suna shirin masallacin Juma'a. Gidan duk ƙamshin suya. A kicin na tarar da Umma ta cika robobi uku da dambun nama, tana ɗure yaji a kwalba. Ta ɗaure su a leda, ta miƙo mini.

“In an sauko, ki kai wa wancan ya sa a jaka. An ce can ba su iya yaji ba.”

Wato ita duk makon nan shirin tafiyarsa take yi.

Na riƙe ledar, na tsaya a wurin. Ta dube ni ta ce lafiya. Na fara da cewa akwai wata 'yar magana ƙarama, sai kuka ya ƙwace mini, sauran ya fito a haɗe da majina. Umma ba ta katse ni ba. Da na gama, ta wanke hannu, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na fi son a ce ta ɗauko muciya.

“Har da hawaye kika ce?”

“Kaɗan, Umma.”

“Ƙarfe nawa ne sa hannun?”

Na ce huɗu da rabi. Ta dubi agogon bango. Muka zauna jiran a sauko daga masallaci. Limamin ranar, a lissafina, ya yi huɗubar kwana uku.

Da muka ji Yaya ya shigo, Umma ta kama wuyan hannuna, ta ja ni har ƙofar ɗakinsa, inda ban taɓa ganin ta taka ba. Yana cire hula ya gan ta, ya yi sauri ya durƙusa. Ta tsayar da ni a tsakaninsu, ta kafa idonta a jikin ƙyauren.

“Ki ce masa ni ban ce ya zauna ba.”

Ga shi nan, kunnensa biyu, taku ɗaya tsakaninsu. Amma ta matsa hannuna, dole na maimaita. “Yaya, ta ce ba ta ce ka zauna ba.”

“Ki ce masa addu'a na yi masa, ita kaɗai na ba ki. Ki ce masa ban haife shi don ya yi gadina ba. In can ne alherinsa, ya tafi.”

Na maimaita kalma bayan kalma, ko wasali ban ƙara ba. Yaya bai dube ni ba sam. Kansa a ƙasa ya ce in gaya wa Umma ya ji, ya gode. Muryarsa ba tasa ba ce. Umma ta ajiye ledar dambun a bakin ƙofa ta juya.

Nan take ya kira wakilinsa. Ina jin muryar mutumin daga inda nake tsaye, yana cewa ai tun Laraba ya ba su amsa, sun fara magana da wani, zai gwada amma kada a sa rai. Abba ya shigo ya tarar da mu haka. Da ya ji bayani, ya ce ba a warware alkawari ta waya. Yaya zai je ya sami koci ido da ido, kuma wadda ta ƙulla za ta bi shi ta kwance da bakinta.

Muka shiga mota, ni da Yaya. A ƙofar ofishin ƙungiyar samari sun taru, har da mai ganga. Suna ganin motar suka hau ihu, wani ya ɗaga mini hannu. Na nutse a kujera. A ciki kuma ga riga sabuwa fil a kan tebur, da lambar Yaya a bayanta, ga takardu, ga biro an cire masa murfi.

Na yi wa koci bayani ina kallon takalmina. Ya saurare ni har ƙarshe, gangar waje tana ta tashi. Sannan ya juya wurin Yaya.

“Bar maganar Hajiya. Kai, ina kake so?”

“Can, Koci. In ma sun karɓe ni.”

“In ba su karɓe ka ba fa?”

Yaya ya ce bai sani ba. Koci ya ɗauki rigar ya ninke ta a hankali. Ya ce shi ba zai riƙe ɗan wasan da zuciyarsa ke filin jirgi ba, kuma ba zai iya ajiye gurbin yana jira ba, akwai wanda zai kira yau. Da za mu fita ya dube ni ya ce in na gama makaranta in zo ya ba ni aiki, don abin da na yi cikin kwana uku mutanensa sun kasa shi cikin shekara biyar. Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Ta ƙofar baya muka fita. Yaya da ya wayi gari ranar Litinin da ƙungiya biyu, ya koma gida ranar Juma'a ba shi da ko ɗaya.

Wayar ba ta yi ƙara ba ranar. Ba ta yi ba ranar Asabar. Na yi wanke-wanken da ba a sa ni ba, na share tsakar gida har sau uku, duk lokacin da wata waya ta yi motsi a gidan sai in ruga in leƙa. Ranar Lahadi bayan azahar wakilin ya kira. Sun yarda. Na yi tsalle har na fasa kofi. Yaya ya shafa kaina ya ce ya wuce, kada in ƙara.

Sai bayan shekara guda na ji sauran, daga bakin wani abokinsa. Sun riga sun ɗauki wancan mutumin a gurbin da aka tanadar wa Yaya. Shi kakar wasa ɗaya kawai suka ba shi maimakon biyu, kuma rabinta a benci ya yi ta kafin ya ƙwaci wurinsa. Duk wayar da muka yi a watannin nan, yana tsokanata, yana tambayar jarrabawata, bai taɓa faɗa mini ba.

Har yanzu ina ƙara wa labari gishiri, kun dai gani da idonku. Amma na gane cewa akwai mutanen da maganarsu kaɗan ce, shi ya sa kowace kalma tasu take da nauyi, kuma wanda aka ba ya kai ta ba shi da ikon taɓa ta. Yaya ya yafe, Umma ba ta sake tayar da zancen ba. Ni ce dai na kasa manta watannin bencin nan.

Su kuma magoya baya, har yau in ana hirar shekarar da muka kusa samun ɗan gida, wasu su zagi shugabanni, wasu su ce Yaya ne ya raina garinsu. Na sha zama ina jin su, bakina a rufe. To ku bar bayin Allah su huta. Ni ce.