Audugar da Na Yayyafa wa Ruwa

Ƙauyenmu yana can bayan Bakori, tafiyar awa uku a ƙafa kafin ka taka kwalta. A lokacin naira sabuwa ce, tsofaffi ba su daina zancen sule ba. In ciwo ya kayar da mutum, ko naƙuda ta zo wa mace da gardama, ƙyauren ɗaki ake cirowa a ɗora ta, ƙarti huɗu su ɗauka har bakin titi, a jira motar Malumfashi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya tara mu a gindin ɗorawa, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, ya ce mu kafa ƙungiya mu sayi amalanke. Wani Alhaji mai shanun huɗa ya ce in dai amalanken ya samu, bijimansa na kowa ne.

Ba wanda ya san yadda ake tara kuɗin ƙungiya. Muka fara zagayawa da ƙwarya ran kasuwa, muka dawo da goro biyu da addu'a mai yawa. Mata suka soya ƙuli-ƙuli, mu mazan muka cinye shi da sunan ɗanɗanawa. Muka shirya wasan kwaikwayo a filin makaranta, aka ba ni matsayin mashayi, na yi shi da kyau har surukata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Abin da aka samu bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Daga nan mai unguwa ya ba mu aron gona, muka shuka auduga, duk Asabar a yi gayya. Allah ya ba da damina, gonar ta yi fari fat. Da aka tsince, aka ce a ajiye a gidana, don ina da ɗakin da ba kowa. Ni da aji biyu na yi aka koro ni, yau ga ni mai tsaron dukiyar jama'a. Har tafiyata ta canja.

Saura kwana biyu a buɗe kasuwar auduga, na tsaya ina kallon tarin nan ina saƙe-saƙe. Auduga a sikeli ake sayenta, ruwa kuwa yana da nauyi. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, kowa ya san ana yi. Da hantsi na ɗauko tsintsiya da bokiti, ina tsomawa ina yayyafawa, ina juyawa.

Matata ta leƙo, tana da ƙaramin ciki a lokacin.

"Maigida, wanka kake yi mata?"

"Ke 'yar mutan Maska, me kika sani a harkar kasuwa? Ƙishirwa take ji."

"To, ka sa mata da sabulu, tunda abin gata ne." Ta yi dariya, sannan ta tsuke fuska. "Ka bari mana. Gumin mutane ne fa."

"Don wa nake yi? Ke za ki fara hawa amalanken nan, kamar matar gwamna."

"Ni da ƙafata zan je," in ji ta, ta koma bakin murhu.

Sai aka ɗaga ranar kasuwa, wai motocin kwasa ba su iso ba. Kwana goma audugar tana ɗaure cikin ashasha, a rufe. Ranar da muka kai ta, malamin da ke duba auduga ya cusa hannu ciki, ya zaro da sauri kamar ya taɓa tukunya. Ta yi ɗumi, ta yi rawaya, tana warin ruɓa. Ya sunsuna, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan a rafi kuka noma ta?"

Rabi ya ƙi karɓa sam. Sauran ya sa mata lamba uku. Na buɗe baki na ce ai ɗakin ne ke da laima, a tsakiyar rani. Kawu ya karkaɗe rigarsa kawai ya ce, "Baɗi ma shekara ce."

Ba a sayi amalanke ba.

Naƙudar matata ta zo da damina ta zauna, hanya ta zama taɓo. Tun asuba ungozoma ke fama, da azahar ta fito ta ce a nemi asibiti. Na ciro ƙyauren ɗakinmu da hannuna. Ina gaba ta dama, Alhaji mai shanu yana hagu, duk da tsufansa. Muna tafe muna zamewa. Tana ta cewa mu yi a hankali, can ta ce, "Maigida, kafaɗarka za ta yi ciwo, ka ba wani." Na ce mata ta ji da kanta. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Muna hango kwalta ungozoma ta ce mu sauke. Muka juyo da ita, ita da abin da ke cikinta.

Ko amalanke zai kai ta da rai, ban sani ba. Na tambayi ungozoma, na tambayi wani malamin asibiti, kowa ya ce sai Allah. Ba wanda ya ce mini a'a.

Bayan kwana bakwai na sami Kawu a gona, na durƙusa na faɗa masa abin da na yi. Bai ɗago daga noman ba.

"Mun sani tun a bakin sikeli," ya ce. "Kowa ya sani."

"Kawu, me ya hana ku kore ni?"

Ya daɗe yana kaftar ƙasa. Sannan ya miƙo mini fartanyarsa.

"Asabar akwai gayya. Ka zo da wuri."

Na je. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi mini gori. Suka matsa suka bar mini kunyar noma ɗaya a tsakiyarsu, na sunkuya ina noma, ba na ganin abin da nake sara.