Inda Abdulsamad Ya Tsaya

A shekarar 2004 na san Sallau sani na gaske, bayan an kwashe tumatirin rani. Kafin nan sai dai gaisuwa a bakin kanal, don gonarsa tana sama kusa da inda ake buɗe ruwa, tawa kuwa ita ce ta ƙarshen layi. Ya same ni a ƙofar gidana a Bunkure, ya ce ya ji makarantar mishan na yi, na kuma koyar da Turanci har na yi ritaya, yana so in karanta masa wani abu. Na zaci takarda ce. Sai ya kai ni wani ɗan shago da ke rufe.

Shagon na ɗansa ne, Abdulsamad, wanda ya rasu a motar tumatir da ta faɗi a hanyar Kudu. Gidan gem ne: talabijin, na'urar wasa, benci biyu. Samari ba abin da ke kawo su sai wasan ƙwallo. Amma akwai faifai ɗaya da ba mai nema sai shi mai shagon, idan kowa ya watse. Labarin wani jarumin takobi ne na Japan, irin waɗanda ake kira samurai, yana yaƙar shaiɗanun da suka mamaye ƙasarsa. Sallau ya ce ya sha yi wa ɗan nasa faɗa a kan wannan shiririta, har ya taɓa ce masa mai gemu ba ya wasa da 'yar tsana.

Wani abokin marigayin ya nuna masa yadda ake kunnawa. Da rubutu ya fito, na karanta masa. Ɗan katin da ke jikin na'urar ya ajiye inda mai wasa ya tsaya: ƙofar fadar sarkin shaiɗanu, ga kuma kwanan wata a gefe. Jajiberin tafiyar Abdulsamad ne.

"Wato bai ƙarasa ba, Malam Iliyasu?"

"Bai ƙarasa ba."

Ya jawo benci ya zauna a gaban talabijin ɗin. Sannan ya ce, "To, mu a nan ba a barin gonar mamaci ba girbi."

Haka muka fara. Ni ina fassara, shi yana dannawa da yatsun da garma ta kaurara, sai ya danna biyu a wuri ɗaya. Jarumin yakan kai sara ga bango, Sallau ya daka masa tsawa kamar san noma da ya bar kunya. Samari sukan leƙo suna dariya, suna cewa Baba a sa maka ƙwallo mana, ko ba komai a can ba a mutuwa. Yakan ce su je su tambayi iyayensu ko an taɓa girbi da ƙafa. Wata rana ya tambaye ni ko jarumin yana da uba. Na ce labarin bai faɗa ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Matsalar ta zo ranar da ya fara yin nisa a wasan. Na'urar ta tambaya ko a ajiye inda ya kai. Na bayyana masa cewa in ya yarda, kwanan watan yau zai hau kan na Abdulsamad, wancan ya goge. Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Na ce ai ana sayar da wani katin a Kano, ya ajiye nasa daban. Ya ce in ya yi haka, gonarsa zai noma, ba ta ɗansa ba.

Don haka bai taɓa ajiyewa ba. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko mai ya ƙare a janareta, sai ya koma ƙofar nan ya faro. Ya zama dole ya ƙare yaƙin a zama ɗaya, ni kuma in zauna a gefensa. Ruwa yakan iso gonata da yamma a ranar da ake sakar wa layinmu ruwa, daidai lokacin da aka fi samun wuta. A rani ɗaya na zauna a benci fiye da yadda ya kamata, alkamata ta ƙeƙashe tun kafin ta yi ido. Sallau ya bi ta gefenta ya gani.

A 2007, wata Laraba bayan la'asar, ya kai ga sarkin shaiɗanun. Ya sare shi har ya durƙusa, saura sara ɗaya. Na miƙe tsaye ban sani ba. Sai na ga Sallau ya ajiye abin dannawar a kan cinyarsa, ya zuba ido har aka kashe jarumin.

"Malam," ya ce, "in na kashe shi, gobe a ina zan tarar da yaron?"

Ba a daɗe ba faifan ya fara sarƙewa, daga baya ya ƙi tashi sam. Sallau ya shiga kasuwannin Kano shago-shago da faifan a aljihu. Wasu ba su taɓa jin labarinsa ba, wasu suka miƙo masa na ƙwallo. Katin yana nan lafiya, amma ba faifai ba ya nuna komai. Bai ƙara ganin ƙofar nan ba.

A wannan lokacin ne yanar ido ta fara rufe mini gani, na daina zuwa gona sai jefi-jefi. Duk sanda aka kai ni, sai in ji ƙasar da danshi a ƙafata. Na ɗauka hukuma ce ta ƙara sakin ruwa.

Sallau ya rasu a 2009, bayan gajeriyar jinya. Da na je gaisuwa, matarsa Iyatu ta yi mini magana daga bayan zana. Ta ce rani biyu ke nan tumatirinsu ba ya yin kirki, don ranar ruwa sai ya toshe bakin gonarsa ya bar ruwan ya gangara, ya bi shi da ƙafa har gonata, ya jera tiyo, sai ta ƙoshi sannan ya koma ya buɗe tasa da abin da ya rage. Ta ce ta yi masa magana sau ɗaya, ya ce mata alkamar Malam yake biya, wadda ta bushe a kan benci.