Injina Ya Shiga Ƙungiyar Mata a Ƙasar Ngaski

Mun tashi daga Jega ana idar da sallar asuba, ni da direbana da bakaniken da muke aiki tare. A bayan mota mun ɗaure sabon injin bugun shinkafa. Sana'ata ke nan, saye da sayar da injinan noma. Wannan kuwa wani Alhaji mai babbar fadama a bakin ruwa, can ƙasar Ngaski, shi ya ce in kawo masa. Kusan rabin jarina na zuba a kansa, shi ya sa duk ramin da muka faɗa sai na waiwaya.

Ramuka kuwa akwai su. Daga Koko zuwa ƙasar Shanga direba ya yi ta kauce-kauce har ya gaji, ya koma zaɓar wanda ya fi dama-dama ya faɗa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina gonaki ne. Amfani ya nuna ko'ina, sai dai masu girbin tsofaffi ne da mata. Samari a kan babura muke ganinsu, uku-uku, da shebur da diga, tocila ɗaure a goshi da rana tsaka.

A Yelwa muka karya da soyayyen kifi mai zafi da burodi. Kifin ya fi na wajenmu araha nesa ba kusa ba, kuɗin fetur ne dai ba ya raguwa a ko'ina. Na lura masu lodin albasa duk furfura ce a kansu, sai na tambayi mai shayi. Ya ce, "Alhaji, yanzu in ɗan dako kake so, sai ka bi shi ramin zinari ka yi mai sallama."

Muka wuce Birnin Yauri, muka kama hanyar Wara, bayan azahar muka isa ƙauyen. Alhajin ya tarbe mu da fura mai sanyi, ya zagaya injin, ya shafa shi, ya yaba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce samarin da ya tanada don su riƙa tuƙa shi sun tafi haƙar zinari tun makon jiya, shi kuma ba zai sayi abin da babu mai kunna masa ba. Ban ga laifinsa ba. In na koma da injin nan, sai ya zauna a shago har wata kakar, jarina kuma ya zauna tare da shi.

Bakanike ya ce tun da mun zo, mu sauke shi a fadama mu tayar, ko wani ya gani ya taya. Can muka tarar da mata kusan ashirin suna bugun shinkafa a jikin ganguna. Injin na tashi suka tsaya. Shugabarsu, wata dattijuwa Bakambara da suke kira Inna Tani, ta matso ta riƙe ƙugu.

"Kai ne ka kawo abin da zai kore mu?"

Ban ɓoye mata ba. Na ce inda na sayar da irinsa, mata da yawa sun rasa aikin bugu. Ta ɗebi shinkafar da ta fito, ta murza a tafin hannu, ta koma suka yi ta magana da yarensu. Da ta dawo sai ta ce, "Ɗana, injin ga naka, mata nawa ne?"

Ban gane ba sai da ta yi mini bayani. Su ƙungiya ce. In sun gama bugu, mai gona ya biya su da shinkafa, sai su kasa ta kashi-kashi, kowace mace kashi ɗaya. Wadda ta haihu, ko ba ta da lafiya, ko tsufa ya hana ta fitowa, ita ma ana ajiye mata nata. Bana kuma tun da samari suka tafi, gonakin da ke jiransu sun fi ƙarfinsu, shinkafa na zuba a ƙasa. In injin zai shiga cikinsu, za a riƙa kasa masa kamar kowa, ni in karɓi rabonsa. Abin da ya rage a san matsayinsa.

Na ce mata goma ne.

"Goma? Yana kwaso dami? Yana ɗinke buhu? Ba abin da ya iya sai ci da ihu, kamar maigidana."

Matan suka kwashe da dariya, har direbana. Na yi ciniki da manyan dillalai a rayuwata, ban taɓa yin gumi irin na ranar nan ba. Muka tsaya a kan mata huɗu, a cire na mai kafin a kasa. Wata matar aure da ke da injin niƙa a ƙauyen ita aka ba tuƙi, bakanike ya zauna ya koya mata gyaran bel da canjin mai. Alhajin da ya fasa saye shi ne ya fara ba su gonarsa.

Mun yi 'yan kwanaki a can. Tuwon shinkafa da miyar kifi muka yi ta ci har direba ya fara zancen ƙaura. Da yamma nakan zauna bakin ruwa in kalli jirage na dawowa daga tsallake, yawancinsu da inji, masu tuƙi da filafili ɗai-ɗai ne. Ranar rabon farko na tsaya na gani da idona. Aka jera kashi-kashi a kan tamfol, huɗu na injin a gefe. Wata ta ɗauki kashin wata maijego a ka ta nufi gari da shi kafin kowa ya taɓa nasa. Na daɗe ina kasuwanci, ban taɓa ganin rabon da ya kwanta mini a rai kamar wannan ba.

Mun dawo Jega lafiya, alhamdu lillahi, da buhunan shinkafa a inda injin ya kwanta. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne aiki na sauya hannu da sauri fiye da yadda muke zato, kuma wanda ya tsaya jiran irin mai sayen da ya saba da shi zai daɗe yana jira. Na fita neman mai kuɗi, Allah ya haɗa ni da mutanen da suka san yadda za su karɓi sabon abu ba tare da sun zubar da kowa ba. Ina gode musu, ina gode wa Inna Tani da ta tambaye ni maimakon ta kore ni.

Da na shiga kasuwa, maƙwabcin shagona ya ce, "Alhaji, wa ka sayar wa injin?"

Na ce, "Ban sayar ba. Aiki na samo masa."