Takwas Bisa Goma

A firamarenmu ta Anka, da lissafin ka ake buɗe karatu kowace safiya. Ana gama kiran suna Malam zai tsaya bakin allo ya karanto tambaya goma, mu kuma mu rubuta amsa kawai. Ba ya maimaitawa. Idan ya gama sai ya ce a yi musayar littattafai. Kowa ya miƙa wa na kusa da shi, Malam ya faɗi amsoshi, mu yi wa juna maki da fensir. Yawanmu a aji huɗu ya wuce a ce mutum ɗaya ya duba aikin kowa, don haka bin layi kawai yake yi da jan biro, yana sa hannu a ƙasan makin da ya tarar. Wanda ya kasa cin biyar ya miƙa tafi, bulala biyu.

Ni lissafi bai taɓa ba ni wahala ba, kuma babu wanda ya kai ni sanin haka. Kafin Malam ya rufe baki na rubuta, na ɗaga kai ina kallon masu ƙirga yatsu a ƙarƙashin benci.

A shekarar ce aka zaunar da wata sabuwar yarinya kusa da ni. Ta ɗan girme ni. Mutanensu sun taso ne daga wani ƙauye can wajen Dareta, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje har gubar dalma ta kashe yara. Ƙaninta yana cikin waɗanda suka rasu. Ita an yi mata magani ta tashi, sai dai abu ba ya zama a kanta. Yau ta iya bakwai sau uku, gobe kamar ba ta taɓa jin sa ba. Ga ta da tsabta, littafinta ko lanƙwasa babu, kowane shafi ta ja masa layi da rula. Kullum da ƙulli-ƙullin gyaɗa a bakin hijabinta, idan an tashi tara mu raba.

Na yi mako biyu ina ba ta uku, ina ba ta biyu, tana miƙa tafi. Ba ta kuka, hannun kawai take sawa a hammata ta dawo ta zauna. Wata rana muna cin gyaɗa ta gaya mini ta riga ta maimaita aji uku, kuma Babanta ya ce muddin aka sake cewa ta maimaita, to ta gama boko. A ganinsa wahalar da ita kawai ake yi. Innarta ce ta dage. Kowace Juma'a takan ɗauki littafin ta kai wa Baban ya gani. Dukansu ba su yi boko ba, amma sun san lambobi, sun kuma san jan biron Malam.

Washegari da aka yi musaya na dubi amsoshinta, uku ne daidai. Na ciro kilina na goge biyar, na rubuta na gaskiya. Ban ba ta goma ba, wayona bai yarda ba. Takwas na ba ta. Malam ya zo ya sa hannu ya wuce, har da ce mata ta fara farkawa.

Daga nan ya zama aikina. Na koyi yadda take lanƙwasa biyu, da yadda take barin kan huɗu a buɗe. Ranar shifta ma haka, Malam ya karanto kalmomi mu rubuta, a yi musaya, in gyara mata. Wani lokaci in ba ta bakwai don kada abin ya yi yawa. Ba mu taɓa yin maganar ba, amma ta sani sarai, domin ta daina danna fensir. Rubutunta ya koma fari-fari, mai saurin gogewa. Jarrabawar ƙarshen zango kuwa mu huɗu ne a benci ɗaya, sai in bar takardata a buɗe. Ta wuce zuwa aji biyar, Innarta ta aiko mini da fura.

A aji biyar aka ba mu wata malama 'yar Gummi. Ita ba ta bulala. Makonta na farko ta tattara littattafanmu ta tafi da su gida, ta dawo da sunayen duk waɗanda ba sa kai biyar. Bayan tara sai ta ba mu aiki a allo, ta fita da su gindin dalbejiya. Tana da buhun marafan kwalba, da karare ɗaure goma-goma, da baƙaƙen da ta yanka daga kwali. Daga farko ta faro musu, kamar 'yan aji ɗaya. Mu na cikin aji muka sa musu suna 'yan gindin bishiya, kuma ni ce kan gaba wajen tsiya. Ƙawata ba ta cikinsu, tunda littafinta takwas ne daga sama har ƙasa.

Ta taga take kallonsu. Idan suna jera marafai sai in ga leɓenta na motsi tana bin su. Wata rana ta taɓa ni ta ce, "Ke, ko in tai in ce ma Malama ta sa ni cikinsu?"

Na ce, "Ke da ka cin takwas, mi za ki yi cikin daƙiƙai?"

Ba ta sake tayar da zancen ba. Gaskiyar magana tsoro ne ya sa na faɗi haka. Idan ta je, Malama za ta tambayi wanda yake mata maki, kuma ni ban taɓa shan kunya a aji ba. Ban da haka, ina jin daɗin yadda ba ta da kowa sai ni. Kafin shekara ta ƙare, yawancin yaran nan da muke yi wa dariya suna karanta littafin Hausa da kansu, suna lissafin ɗebewa har da na aro. Da hutu ya ƙare muka ji an mayar da Malama wajen Bukkuyum, babu kuma wanda ya ci gaba da zaman gindin dalbejiya.

Aji shida ya wuce kamar sauran, muka shiga ƙaramar sakandare tare. A can tsarin daban ne. Kowane darasi da malaminsa, a cika allo da rubutu mu kwafa, monita ta kwashe littattafai ta kai ofishin malamai. Babu musaya. Aji ma ba ɗaya aka sa mu ba. Ni na shiga harkar muhawara da gasar kacici-kacici, sai mu yi kwanaki ba mu haɗu ba. Idan na leƙa ajinsu nakan same ta tana kwafa. Babu wadda ta kai ta kyan rubutu, amma zana baƙaƙen kawai take yi, ba ta san abin da suka ce ba. Zangon farko ta zo ta ƙarshe, na biyu ma haka. A na uku aka rubuta a takardar sakamakonta cewa ba ta iya karatu ba, za ta maimaita.

Ana saura kwana biyu hutu ya ƙare, da hantsi, Innarta ta yi sallama gidanmu da leda a hannu. Innata ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, matar ta ce wurina ta zo. Ta zazzage ledar. Littattafan firamare ne, duk ta adana su, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana nuna mini da yatsa.

Ta ce, "Ɗiyata, ke kinka zamna da ita shekara ukku. Duba, takwas, takwas, bakwai. Ai ta iya. Ni dai ina ga dalmar ga ta dawo mata."

So take in raka ta wurin Baban in shaida masa yarinyar ta iya a da, ko ya yarda a kai ta asibiti a sake auna jininta, idan ta warke ta koma makaranta. Ta ce ta kwana biyu ba ta iya cin abinci don tunanin ciwon.

Na so in yi shiru, kuma da na yi, babu mai sani. Amma ganin matar nan tana shirin sake shiga tashin hankalin da ta taɓa binne ɗa a kansa ya fi ƙarfina. Na faɗa mata komai, har da maganar gindin dalbejiya, kaina a ƙasa. Innata ta yi salati a hankali.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo littafi ɗaya ta ɗora yatsa a kan wata amsa.

"Wa yar rubuta wanga?"

"Ni ta, Inna."

Ta buɗe wani shafin. "Wanga hwa?"

"Duka ni ta."

Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta haɗa littattafan, ta daidaita bakinsu, ta turo su gabana.

"To, riƙe abinki."

Ta ninke ledarta, ta yi wa Innata sai an jima, ta fita. Ranar Litinin aka koma makaranta, ƙawata ba ta zo ba, ba ta kuma sake zuwa ba. Har yau idan aka turo mata saƙo a waya, sai ta nemi mai karanta mata.