Sun sare dogon yaron Baba Idi saboda zane

Jiya na tarar da Baba Idi, tsohon ma'aikacin ramin uraniyom, zaune cikin rana bisa kututture.

Dogon yaron da ya rena da ruwan alwalarsa a bakin bangon lekol, makarantar yaranmu, an sare shi. Wata ƙungiyar masu zane ce ta zo ƙawata kartiyenmu, wato unguwarmu, nan Arlit, wai iccen yana tare musu foto.

Kun san abin da suka zana a bangon? Icce, kore shar!

Na ce, "Baba, ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "Na yi, ɗana. Sun ce nasu ba ya son ruwa."

Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take. Ku da kuka yaba zanen, wa zai zo shan inuwarsa da azahar?